Bayan An Kai Ƙara Caji Ofis: Abin da Ke Jiran Matar da Ake Duka

Mace ba ta zuwa caji ofis a dukan farko. Kafin ta ja mayafi ta tsaya gaban kantar 'yan sanda, ta yi yaji an yi bikonta, ta kai kuka ɗakin uwarta an ce ta yi haƙuri, waliyyinta ya kira mijin ya ja masa kunne, wataƙila har mai unguwa da limamin layinsu sun sa baki. Duk wanda ya ga matar aure a caji ofis da kumburarren ido, ya tabbata tura ce ta kai bango. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya gano cewa kashi 36 cikin ɗari na matan Najeriya da suka taɓa aure sun gamu da duka, ko tilastawa a shimfiɗa, ko muzantawa daga hannun miji. Ya kuma gano cewa kashi 55 cikin ɗari na matan da aka ci zarafinsu ba su taɓa neman taimakon kowa ba. Wadda ta kai har kanta tana cikin 'yan ƙalilan.

Sai dai yawancin masu zuwa ba su san abin da ke bayan kantar ba. Wata tana zaton da zarar ta faɗi abin da aka yi mata za a kulle mijin, ita kuma ta samu barci. Wata so take kawai a tsorata shi, a yi masa kashedi su koma gida, sai ta ga magana ta nufi kotu. Dukansu sukan sha mamaki, kuma mamakin nan ne ke sa mace ta janye a tsakiyar hanya, ta koma gidan da ta gudo daga cikinsa, alhali yanzu maigidan ya samu sabon dalilin fushi. Shi ya sa nake so mu bi hanyar daki-daki. Da ke zan yi magana, 'yar'uwa, domin mata ne suka fi shan wannan azaba, ko da yake akwai mazan da matansu ke cuta, akwai yara da 'yan aiki da tsofaffi, kuma duk hanyar ɗaya ce. Uba ko wa ko ƙane da zai yi rakiya shi ma ya kasa kunne, don rabin aikin nasa ne.

Wanda za ki fara tararwa shi ne ɗan sandan da ke kan kanta. Zai tambaye ki abin da ke tafe da ke, ya shigar a babban littafin ofis, sannan a haɗa ki da ɗan sanda mai bincike, wanda suke kira IPO. Ki riƙe sunan mutumin nan da lambar wayarsa, domin daga yau fayil ɗinki a hannunsa yake, kuma ranar da kika dawo ba ki san sunansa ba, sai an yi ta yawo da ke daga wannan tebur zuwa wancan. Ofisoshi da yawa, musamman na cikin birni, suna da teburin da ke kula da ƙarar mata da ƙananan yara. Ki tambaya. Idan abin da za ki faɗa ya shafi shimfiɗa, ko raunin yana inda ba za ki iya nuna wa namiji ba, ki nemi a haɗa ki da 'yar sanda a keɓantaccen wuri.

Daga nan sai rubuta jawabi, kuma a nan ne mata da yawa ke tafka asara ba tare da sun sani ba. Galibi da Turanci ake rubutawa. Ke kina faɗa da Hausa, ɗan sanda yana juyawa yana taƙaitawa. Kin ce ya shaƙe ki har numfashinki ya ɗauke, takarda ta ce kun yi faɗa. Bayan wata shida, a gaban alƙali, takardar nan za a ɗauko, lauyan mijin ya miƙe ya tambaye ki dalilin da ya sa ba ki faɗi maganar shaƙewa tun farko ba. Saboda haka kada ki sa hannu ko ki dangwala yatsa sai an karanta miki abin da aka rubuta, an fassara miki shi, kin yarda haka kika ce. Idan akwai mai karatu a cikin 'yan rakiyarki, ya duba da idonsa.

Tarbiyyarmu ta koya wa mace rufa asirin ɗakinta, har bakinta ya saba da rage magana. Ta ce "ɗan saɓani muka samu", alhali haƙorinta na girgiɗi. A wannan tebur, ragin nan cutar kai ne. Ki faɗi abin da ya yi, da me ya yi, a wane ɗaki, da wane lokaci, wa ya gani, wa ya ji ihu. Ki faɗi na baya ma: dukan azumin bara, ranar da ya kulle ki, ranar da ya kore ki da tsakar dare. Abubuwa huɗu kuwa kada ki bari su faɗi ƙasa: idan ya taɓa shaƙe ki, idan ya taɓa ɗaukar wuƙa ko adda ko bindiga, idan ya taɓa cewa zai kashe ki ko ya kashe kansa, da kuma idan ya doke ki kina da ciki. Masu aikin ceton mata a ko'ina a duniya sun san waɗannan su ne alamomin da ke gabatar kisa. Shaƙewa musamman takan bar wuya ba tabo, mace ta ɗauka ta tsira, alhali illar tana ciki. Idan muryarki ta dishe ko haɗiya tana yi miki wuya bayan an shaƙe ki, asibiti ne farko, caji ofis daga baya.

Kai ƙara kyauta ne, beli ma kyauta ne, har a bangon ofisoshin an rubuta. Amma duk wanda ya taɓa shiga ya san akan nemi kuɗin fayil ko kuɗin man mota. Ba ya cikin doka, kuma abin takaici ne a ce matar da ta fito ba ko sisi a ɗaurin zanenta ita za a tambaya kuɗin zuwa ɗauko wanda ya doke ta. Mafi muni daga wannan shi ne a ce miki: "Hajiya, wannan maganar gida ce, ku je ku sasanta." Idan kin ji haka, ƙofa ba ta rufe ba. Ki nemi ganin DPO, shugaban ofishin. Idan bai saurare ki ba, akwai kwamandan yanki, akwai kuma takardar koke zuwa ga kwamishinan 'yan sandan jiha, wadda lauya ko wata ƙungiya za su iya rubuta miki. Takardar da ta sauko daga sama takan sa fayil ɗin da ya yi barci ya farka.

Idan akwai rauni, 'yan sanda za su ba ki takarda ki kai asibitin gwamnati, likita ya duba ki ya rubuta abin da ya gani. Ki je a ranar. Kumburi yana sacewa, shatin bulala yana ɓacewa, kuma rahoton da aka rubuta bayan mako biyu ba ya da nauyin wanda aka rubuta jini bai bushe ba. Ki gaya wa likitan gaskiya. Idan kika ce masa faɗuwa kika yi a banɗaki, haka zai rubuta, kuma da hannunki kin ba mijin shaida. A ɗauki hoton raunin da waya, fuskarki tana ciki, a sake ɗauka bayan kwana biyu lokacin da wurin ya yi baƙi, sannan a tura hotunan wayar wani amintacce, don wayar matar ce abu na farko da miji ke ƙwacewa. Rigar da ta yage ko ta ɓaci da jini kada a wanke ta. Saƙonnin barazana da ya turo, rubutattu ko na murya, kada a goge.

Akwai cibiyoyin da aka kafa domin waɗanda aka yi wa fyaɗe da sauran cin zarafi, inda ake duba mutum kyauta, a ba shi shawara, a rubuta rahoton da kotu ke karɓa. A Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala. A jihar Kaduna akwai cibiyoyin Salama a Kaduna da Zariya da Kafanchan. A Sakkwato akwai cibiyar Nana Khadija. Idan cin zarafin ya haɗa da fyaɗe, lokaci yana da tsada ƙwarai: maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa kuma bai wuce kwana 5 ba.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi damuna. 'Yan sanda za su gayyaci mijin ko su je su kamo shi, su ɗauki nasa jawabin. Kundin tsarin mulki, a sashe na 35, ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu kuma cikin kwana biyu. A aikace, idan laifin ba na kisa ba ne ko makamancinsa, beli ake ba shi. Wansa ko abokinsa ya zo ya tsaya masa, ya fito, wani lokaci tun kafin ke ki dawo daga asibiti. Bayar da beli ba ya nufin an kashe maganar, ba ya kuma nufin an sayi 'yan sanda, haƙƙi ne da doka ta ba duk wanda ake zargi. Amma ma'anarsa a wurinki ita ce mutumin da kika kai ƙara zai iya kwana a waje a daren nan, ransa a ɓace, yana jin kin tona masa asiri a gaban duniya. Kwanakin da ke biyo bayan kai ƙara, da kwanakin da mace ke ƙoƙarin barin gida, su ne mafi haɗari a duk tsawon zaman. Mai duka yana duka ne don ya riƙe, idan ya ga abin da ya riƙe yana suɓucewa sai ya ƙara ƙarfi.

Saboda haka tambayar da ya kamata a amsa tun kafin a taka ƙofar caji ofis ita ce: ina za ki kwana yau? Idan gidan iyaye ne, a tabbata akwai namiji a gidan, kuma an gaya wa kowa kada a buɗe masa ƙofa da sunan zuwa ganin yara. Idan ya san gidan kuma ba ya shakkar kowa a ciki, a nemi gidan wata gwaggo ko ƙawa da bai sani ba. Gidajen fakewa na gwamnati da na ƙungiyoyi kaɗan ne a Arewa, amma ma'aikatar harkokin mata ta jiha da cibiyoyin da na ambata su ne suka san inda ake da su. Kada ki koma kwasar kaya ke kaɗai, ki nemi ɗan sanda ya raka ki. Abin da za ki fara ɗauka ba kwanuka ba ne: katin ɗan ƙasa, katin banki, takardun makaranta, takardun haihuwar yara da katin asibitinsu, maganin da kike sha, da 'yan gwala-gwalanki. Ki canza lambar sirrin wayarki da ta banki. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, amma lambar IPO da ta maƙwabcin da zai iya fitowa da gudu su ma su kasance a kusa. Idan ya kira ya yi barazana bayan an ba shi beli, ki koma ki sanar a rubuta. Wannan sabon laifi ne, kuma idan magana ta riga ta je kotu, zai iya jawo a soke belin.

Kafin gari ya waye wayar mahaifinki za ta fara ruri. Surukai, abokan miji, dattijan unguwa, kowa da irin tasa: "Za ki ɗaure uban 'ya'yanki?" "Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa." "Aure ibada ne, sai da haƙuri." Sau da yawa 'yan sandan da kansu ne za su zaunar da ku, mijin ya rubuta takardar alkawarin ba zai ƙara ba, shaidu su sa hannu, a ce an sasanta. A Kano da wasu jihohi ana iya tura ku Hisba, wadda a Kano doka ta kafa ta tun 2003, kuma babban aikinta a rikicin aure shi ne sulhu. Ita ba kotu ba ce, ba ta yanke hukuncin ɗauri.

Ni ban ɗauki sulhu abin ƙi ba. Addininmu ya yabe shi, kuma akwai gidajen da zama ɗaya a gaban hukuma ya gyara su. Mace tana da 'yancin ta zaɓi komawa ɗakinta, ba wanda ya isa ya raina ta don ta zaɓi haka, domin ita ta san nauyin da ke kanta. Abin da nake ƙi shi ne sulhun da ake yi a kan mace ba da ita ba, wanda maza ke ƙullawa a zaure ita tana ɗaki tana gasa fuska da ruwan zafi. Sulhun kirki yana da alamomi. An tambaye ta ita kaɗai, ba a gaban wanda take tsoro ba. Mijin ya amsa abin da ya yi da bakinsa, bai ce shaiɗan ne ko ita ta ja ba. Ya biya kuɗin magani. An rubuta sharuɗɗa, an faɗi abin da zai biyo baya idan ya karya, kuma an ba ta kwafin takardar ta riƙe. Kwafin nan ki adana shi kamar takardar fili, domin ranar da ya sake, ita ce shaidar cewa ba yau ya fara ba. Inda kuwa aka kai ga shaƙewa, ko makami, ko karaya, ko zubewar ciki, ina roƙon iyaye su ji tsoron Allah. Wanda ya mayar da 'yarsa irin wannan gida don gudun surutun mutane, ya tuna mutanen nan ba su za su ɗauki makara ba.

Idan ba a sasanta ba, ko laifin ya fi ƙarfin sasantawa, sai a duba dokar da za a caje shi da ita, kuma wannan ya danganta da jihar da kike. Tsohuwar dokar laifuka ta Arewa, Final Kod, wadda ta fara aiki a 1960, tana hukunta duka da jin rauni. Amma a cikinta akwai sashe na 55, wanda ya ce ba laifi ba ne miji ya hori matarsa idan al'adarsu ta yarda da haka, muddin bai yi mata mummunan rauni ba. Mummunan rauni kuwa a wannan doka shi ne irin karaya ko gocewar ƙashi, fitar haƙori, rasa ido ko ji, nakasa fuska, raunin da ya sa rai cikin haɗari, ko wanda ya kwantar da mutum cikin azaba har kwana 20. A daure a sake karanta jerin nan, a ga yawan dukan da zai iya wucewa ta ƙarƙashinsa. Sashen nan ya daɗe yana ba ɗan sanda hujjar cewa maganar gida ce, kuma a ganina abin kunya ne ya kai wannan zamani.

A watan Mayun 2015 shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da VAPP. Ita ta kira dukan miji ko mata laifi da sunansa, ta sa masa ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 3, ko tarar da ba ta wuce naira 200,000 ba, ko duka biyun. Ba ta tsaya kan duka ba. Korar mace daga gida da ƙarfi laifi ne a cikinta, haka zagi da muzantawa da barazana, haka ƙwace mata dukiya ko hana ta abin hannunta don a mallake ta, haka yin watsi da iyali ba ci ba sha. Sai dai dokar tarayya ce da ke aiki kai tsaye a Abuja kawai, inda hukumar NAPTIP ke kula da aiwatar da ita. Kowace jiha sai majalisarta ta yi tata. Kaduna ta yi a 2018, jihohi da yawa kuma sun biyo baya daga 2020, shekarar da gwamnonin ƙasar suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe da cin zarafin mata. Hukuncin yakan bambanta daga jiha zuwa jiha, don haka ki tambayi IPO ko lauya kai tsaye: da wace doka, da wane sashe, za a kai shi?

Babbar kyautar dokar nan, wadda mata kaɗan ne suka san da ita, ita ce umarnin kariya. Takarda ce daga kotu da ke hana mutum kusantarki: kada ya zo inda kike zaune, kada ya je wurin aikinki, kada ya aiko wani ya cuce ki. Kotu tana iya sa a karɓe makamin da yake da shi, tana iya sa ya ba da kuɗin buƙatar gaggawa. Idan haɗarin a fili yake, ana iya ba da umarnin wucin gadi tun kafin a ji ta bakinsa. Ba sai an ɗaure shi ba, ba sai an raba aure ba, kuma karya umarnin laifi ne mai zaman kansa da ke jawo kamu. Idan ba za ki iya zuwa da kanki ba, ɗan sanda ko ma'aikacin lafiya ko jami'in jin daɗin jama'a zai iya nema a madadinki da yardarki. Dokar ta kuma ɗora wa ɗan sanda nauyin kai ki asibiti ko wurin fakewa, da raka ki kwasar kaya, da bayyana miki haƙƙinki. Idan jiharki tana da wannan doka, abin da kike nema a kanta haƙƙinki ne, ba alfarma ba.

A Arewa, 'yan sanda kan kai ƙara kotun majistare ko kotun shari'ar Musulunci da takardar da ake kira FIR, wato rahoton farko. Za a karanta masa tuhuma. Idan ya amsa, ana iya yanke hukunci nan take. Idan ya musa, alƙali zai ba da beli ko ya aika shi gidan gyaran hali, a sa rana. Idan laifin babba ne, sai a tura fayil ma'aikatar shari'a don neman shawarar lauyoyin gwamnati, daga nan a wuce babbar kotu. Abin lura a nan shi ne daga ranar da aka shiga kotu, shari'ar ta tashi daga taki ta zama ta hukuma. A takarda za ki ga an rubuta Kwamishinan 'Yan Sanda da wane. Ke shaida ce, babbar shaida. Ba sai kin ɗauki lauya ba, mai gabatar da ƙara na gwamnati ne, amma kina iya samun lauyan da zai zauna yana sa ido a madadinki. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana yin wannan kyauta a jihohi da dama, haka ƙungiyar WRAPA, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa tana da ofisoshi a jihohi tana karɓar irin wannan koke. Idan 'yan sanda sun ƙi motsi gaba ɗaya, tsarin shari'ar Arewa ya san ƙarar kai tsaye, inda mutum ke kai kokensa gaban alƙali, shi kuma ya umarci 'yan sanda su bincika.

Ki shirya wa ɗage zama. Yau alƙali ba ya nan, gobe likitan da zai ba da shaida yana tiyata, jibi an yi wa IPO canjin wurin aiki. Mawaƙiyar coci Osinachi Nwachukwu ta rasu a Abuja a watan Afrilun 2022, duk ƙasa ta ɗauka, 'yan jarida suka cika kotu, amma sai a watan Afrilun 2025 babbar kotun Abuja ta yanke wa mijinta hukuncin kisa kan mutuwarta. Shekara uku ke nan a shari'ar da idon kowa ke kanta. Ƙaramar shari'a a gaban majistare ba ta kai haka ba, amma watanni ba abin mamaki ba ne. Ranar da za ki ba da shaida, zai kasance a wurin yana kallonki, lauyansa kuma zai yi miki tambayoyin da za su sosa rai: me kika ce masa kafin ya ɗaga hannu, me ya sa kika zauna shekara goma idan da gaske ne. Aikinsa yake yi. Ki dubi alƙali, ki amsa abin da kika sani, abin da kika manta ki ce kin manta. Da yawa daga cikin irin waɗannan shari'o'i ba a kayar da su da hujja, mutuwa suke yi don mai ƙara ta daina zuwa. Idan kin yanke shawarar janyewa, ki je ki faɗa da bakinki a gaban alƙali. Ƙananan laifuka doka ta yarda a yafe su, manya kuwa hukuma na iya ci gaba ko da kin yafe.

Saura abin da ke hana mata da yawa barci: aure da 'ya'ya. Ɗan sanda ba ya sakin aure, ba ya raba 'ya'ya. Kai ƙara bai tsinke igiya ko ɗaya ba, kuma hukuncin laifi daban yake da shari'ar aure. Ga Musulma, wannan aikin alƙalin kotun Musulunci ne, kuma a nan mazhabar Malikiyya da muke bi ta yi wa mace gata fiye da yadda ake gaya mata. Mata da yawa suna zaton hanyar fita ɗaya ce, hul'i, wato ta mayar da sadaki ta fanshi kanta. Akwai ta biyu. Idan ta tabbatar da cutarwa, alƙali yana da ikon raba auren ba tare da ta biya ko kwabo ba. Littattafan da alƙalanmu ke hukunci da su, irin su Muhtasar na Halilu da Tuhfa ta Ibn Asim, sun yi bayanin wannan, har an karɓi shaidar abin da ya yaɗu a bakin maƙwabta da dangi. Ga inda rahoton likita, da hotuna, da takardar alkawarin da ya rubuta a caji ofis suke sake yin amfani. Idan cutarwar ba ta tabbata ba kuma rikici ya ƙi ƙarewa, alƙali kan naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginta ɗaya daga nasa, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i.

Barazanar "ki fita ki bar mini 'ya'yana" ita ma ba ta da ƙafa a wannan mazhaba. Riƙon yara haƙƙin uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, ciyarwa da tufatarwa da karatu kuma suna kan uba. Idan uwar ta yi wani aure, riƙon yakan koma hannun mahaifiyarta kafin a zo kan dangin uba. Wadda ta yi auren coci ko na rajista, babbar kotun jiha ce ke duba maganarta a ƙarƙashin dokar aure ta 1970, kuma abin da kotu ke sa wa gaba a kan yara shi ne maslaharsu.

Ga mai rakiya kuwa, wanda na ce rabin aikin nasa ne. Matar da aka daɗe ana duka takan zo caji ofis a gajiye, a ruɗe, tana mantuwa, tana jin kunyar kowa. Kai ne za ka riƙe sunan IPO, ka rubuta ranar da aka zo da ranar da aka ce a dawo, ka yi kwafin kowace takarda kafin a miƙa ta, ka tanadi kuɗin mota na ranakun kotu. Kada ka yi magana a madadinta, kada kuma ka ɗauki sanda ka nufi gidan mijin, domin ranar da ka taɓa shi fayil ya zama biyu, kuma naka zai iya danne nata. Idan ta ce za ta koma ɗakinta, ranka zai ɓaci, amma kada ka ce mata ta daina kiranka. Mata da yawa sai sun fita sun koma sau da dama kafin fitar ƙarshe. Ka ajiye kwafin takardun a wurinka, ka bar wayarka a kunne da dare. Idan ta sake kira, ku koma ofishin da kuka fara zuwa, ku nemi IPO ɗin da sunansa, ku faɗi ranar ƙarar farko, ku ɗora takardar alkawarin a kan kanta.